Ziyarar Fogo: Yadda Ake Hawan Dutse Mai Aman Wuta a Tsakiyar Teku

A cikin tekun Atlantika, kusan kilomita 600 yamma da gaɓar Senegal, akwai tsibirai goma da suka haɗu suka zama ƙasar Cape Verde. Ɗaya daga cikinsu, Fogo, kusan gaba ɗayansa dutse ne guda mai aman wuta da ya taso daga gindin teku. Ƙololuwarsa da ake kira Pico do Fogo ta kai mita 2,829 bisa ruwa, wato ta ɗara Chappal Waddi na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, da mita 400 da 'yan kai. Amansa na baya-bayan nan ya fara ranar 23 ga Nuwamba 2014, bai lafa ba sai farkon Fabrairu 2015. Wata biyu da rabi yana zuba, ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira, ya raba mutum kusan dubu da gidajensu, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ranar 9 ga Disamba 2019 kuwa, a tsibirin Whakaari na ƙasar Niyu Zilan, dutse ya fashe na 'yan mintoci da mutum 47 a kansa, 22 suka rasu. Duk wanda ya iya bayyana dalilin da aman wata biyu da rabi bai kashe kowa ba, alhali fashewar mintoci ta ɗauke mutum 22, ya riga ya san rabin abin da mai ziyarar irin wannan wuri yake bukata. Ra'ayina shi ne sanin halittar dutsen ne guzurin farko na matafiyi, kuma daga gare shi kowace shawara ta tafiyar take fitowa, tun daga watan da za a tashi har zuwa inda za a ajiye ƙafa.

Sai a fara da inda wutar take fitowa. Akasarin duwatsu masu aman wuta suna jere ne a inda manyan faifan ɓawon ƙasa suke karo ko rabuwa, kamar na Indonesiya da Japan. Fogo ba ya cikin wannan sahu. Yana zaune ne a tsakiyar faifan Afirka, nesa da kowane gefe, a kan wani wuri da zafi yake hawowa daga can cikin duniya yana narka dutse a ƙarƙashin ɓawon teku. Tsibiran gabas, Sal da Boa Vista da Maio, sun tsufa, wutarsu ta mutu tun da daɗewa, iska da ruwa sun cinye su har sun zama shimfiɗaɗɗu. Na yamma kuwa sababbi ne, dogaye, kuma Fogo ne kaɗai a cikinsu ya yi amai tun da mutane suka fara zama a tsibiran a ƙarni na 15. Narkakken dutsen yana taruwa ne a zurfin kilomita 15 zuwa 30, kuma kafin ya iso sama tilas ya tsaga duwatsun da ke bisa hanyarsa. Tsagawar nan ce take haifar da ƙananan girgizar ƙasa da na'urori suke ji, ita ce kuma take sa ƙasa ta ɗan kumbura. Wannan ne ya sa irin wannan amai bai cika zuwa ba sallama ba.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne kaurin abin da dutsen yake amayarwa. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san cewa ruwa-ruwan talge yana tafasa ne cikin natsuwa, kumfa ta taso ta wuce, amma da ya yi kauri sai ya riƙa riƙe tururi yana fashewa, yana tsalle ya ƙona hannu. Narkakken dutse ma haka yake, kuma abin da ke ba shi kauri shi ne yawan sinadarin silika. Inda silika ta yi yawa, iskar gas takan maƙale a ciki har ta tarwatsa dutsen, toka mai zafi ta gangaro da gudun da ba mai tsere masa. Irin wannan ne ya shafe garin Saint-Pierre a tsibirin Martinique ranar 8 ga Mayu 1902, mutum kusan 28,000 suka halaka cikin ɗan lokaci. Na Fogo kuwa silikarsa ba ta kai rabi ba, saboda haka yana fitowa da ruwa-ruwa, zafinsa ya haura digiri 1,000, yana feshi a bakin tsaga sannan ya malala. A shimfiɗaɗɗen wuri malalar takan yi tafiyar da mai tafiya da ƙafa zai wuce ta. Shi ya sa a 2014 mutanen Portela suka samu sararin kwashe awakinsu da katifunsu, har da cire ƙofofi da tagogi, suka hau da su tudu suna kallon gidajensu suna nutsewa. Malalar ta rufe kusan murabba'in kilomita 5, ta cinye gonaki da hanya da sabon ginin ofishin gandun da aka keɓe a dutsen, amma mutum ba ta kama ba. Kogin wutar da ake nunawa a talabijin, wanda shi ne ya fi tsorata mutane, dukiya yake ci. Abin da ya fi kashe baƙi a kan irin waɗannan duwatsu yana wani wuri dabam, za mu zo kansa.

Siffar tsibirin ita ma darasi ce, kuma ana karanta ta tun daga mota. Daga São Filipe, babban garin da ke gaɓar yamma, hanya takan yi ta hawa kamar awa guda, ta bi ta Achada Furna, sannan ta zagaya ta shiga wani faffaɗan fili baƙi ƙirin mai suna Chã das Caldeiras, a tsayin mita 1,700 ko fiye. Faɗinsa ya kai kilomita 9, kuma wata katangar dutse da ake kira Bordeira, wadda tsayinta a wasu wurare ya kusa mita 1,000, ta kewaye shi ta arewa da yamma da kudu. Ta gabas a buɗe yake. Dalili shi ne tsohon dutsen da ya riga Pico ya yi tsawo har gefensa na gabas ya zame ya afka teku. Binciken da Ricardo Ramalho da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa abin ya faru kimanin shekara 73,000 da suka wuce, kuma igiyar ruwan da ta taso ta ɗauki manyan duwatsu, wasu masu nauyin ɗaruruwan tan, ta jefa su can kan tudun tsibirin Santiago mai nisan kilomita 55. A cikin wannan gurbi ne Pico ya tsiro daga baya. Amfanin sanin wannan ga matafiyi a fili yake. Kusan duk aman da aka rubuta tarihinsa a cikin gurbin ko a gangaren gabas ya auku, katangar tana kare São Filipe. Kuma tun ƙarshen ƙarni na 18 wutar ta daina fitowa ta bakin ƙololuwa. A 1951 da 1995 da 2014 duk ta tsagogin da suka buɗe a gindin Pico da kafaɗunsa ta fito. Ke nan masaukin da baƙo zai kwana a Chã yana cikin filin wutar daidai da ƙololuwar da zai hau, in ma bai fi ba. Wanda ya ɗauka haɗari yana sama ne kawai, ƙasa kuwa lafiya lau, ya karanta dutsen a juye.

A nan wani zai ce, tunda haka ne me ya kai mutum? Ashe ba jefa kai cikin halaka ba ne? Tambayar tana da nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Amsarta ita ce akwai bambanci tsakanin dutse mai rai da dutse da yake amai a yanzu. Fogo ya yi shiru daga 1857 har 1951, shekara 94, sannan ya yi shiru shekara 44, sannan 19. A tsakanin waɗannan lokuta ana noma a gindinsa, ana aure, ana suna. Sama da mutum 30,000 ne suke zaune a tsibirin. Wanda ya je lokacin da dutsen yake kwance, bayan ya tambayi masu auna shi, haɗarin da ya ɗauka na hawan dutse ne mai tsayi, irin su zamewa da karaya da sanyi da ƙishirwa, kuma waɗannan duk akwai dabararsu. Ganganci shi ne ƙetare shingen da hukuma ta sa domin ɗaukar hoto, ko hawa bayan an ɗaga matakin gargaɗi. Kada kuma mai lissafi ya dubi 94 da 44 da 19 ya ce ya gano ranar amai na gaba. Lambobi uku ba sa zama ƙa'ida, kuma a tsakiyar ƙarni na 19 dutsen ya yi amai sau uku cikin shekara goma.

Shirin tafiya yana farawa da zaɓen wata. Damina a can gajeriya ce, daga Agusta zuwa Oktoba, kuma ruwa mai ƙarfi yakan kwaso tsakuwa da laka ya lalata hanya. Rani ya fi, sai dai daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturun nan da muka sani, ƙurar da iska take ɗebowa daga Sahara da kwarin Bodele na ƙasar Cadi, yana ƙetare teku ya sauka kan tsibiran, ya toshe gani, har a soke tashin ƙananan jirage. Daga Praia, babban birnin ƙasar, jirgin sama yakan kai São Filipe cikin kamar rabin awa, jirgin ruwa kuwa awa huɗu ko makamancin haka, kuma shi ma yakan fasa tashi in teku ta yi fushi. Saboda haka kada ka tsara hawan dutse yau, komawa gida gobe. Bar kwana biyu a tsakani. Cape Verde tana cikin ƙungiyar ECOWAS, amma wannan bai hana jami'an shige da fice neman tikitin komawa da shaidar masauki da kuɗin guzuri ba, kuma mai zuwa daga Najeriya ya riƙe katin rigakafin shawara. Mai fasfon Nijar ya bincika sharuɗɗan shiga tun da wuri, tunda ƙasarsa ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ana magana da Fotugis da harshen Kriolu, kuɗinsu eskudo ne, kuma a Chã tsabar kuɗi ake so. Abin da aka fi mantawa shi ne tsibiri tsibiri ne: asibitin São Filipe ƙarami ne, babban rauni sai an kai mutum Praia, kuma tokar da za ta sa a so guduwa ita ce za ta iya rufe filin jirgin. Inshorar tafiya da ta ƙunshi hawan dutse da kwaso majiyyaci ba almubazzaranci ba ce.

In ka iso, kwana a Chã kafin hawa. Jiki yana bukatar daren nan domin ya saba da tsayi, kuma da yamma ne za ka samu zama da ɗan jagora. Da ɗan gari kan ci gari, kuma 'yan jagorar Chã a gindin dutsen aka haife su. Da yawansu sun ga aman 1995 da na 2014 da idonsu, sun san inda tsakuwa take zamewa da inda iska take juyawa. Tambaye shi ko an ji motsin ƙasa a 'yan kwanakin nan, ko hayaƙin ramin ƙololuwa ya ƙaru, mutum nawa zai ja, ta ina za a sauko, kuma in wani abu ya faru cikin dare ta wace hanya ake fita daga kwarin Chã. Tambayar ƙarshen nan ba tsoro ba ne, domin a 2014 malalar ta datse babbar hanyar mota tun a kwanakin farko. Sannan ka nemi sanin abin da cibiyar nazarin yanayi da motsin ƙasa ta ƙasar, INMG, ta ce, domin ita ce take da na'urorin auna girgiza a tsibirin, ita ce kuma take sanar da hukumar kare jama'a.

To in akwai ɗan jagora, me ya sa baƙo zai wahalar da kansa da duk wannan karatu? Whakaari ce amsa. Baƙin da suka mutu a can ba su karya doka ba, da 'yan jagora suka je, kuma biyu daga cikin 'yan jagorar suna cikin mamatan. Mako uku kafin ranar, masu sa ido sun ɗaga matakin gargaɗi zuwa na 2, amma aka ci gaba da kai mutane har cikin ramin dutsen. Dutsen Whakaari cike yake da ruwa mai zafi da tururi a ƙarƙashin ƙasa. In murfin da ya danne su ya tsage, ruwan yakan koma tururi nan take ya tarwatsa duk abin da ke sama, ba tare da sabon narkakken dutse ya yi doguwar tafiyar da na'ura za ta ji ba. Haka ya faru a dutsen Ontake na Japan ranar 27 ga Satumba 2014, lokacin matakin gargaɗi yana ƙasa ƙwarai, mutum 63 suka mutu ko suka ɓace, akasarinsu duwatsun da suka faɗo daga sama ne suka same su. Baƙon da ya san bambancin dutse mai jiƙe da ruwa da busasshen dutse irin Fogo, ya kuma san ma'anar ɗaga mataki, yana da abin da zai auna maganar mai sayar masa da tikiti. Ɗan jagora ya san hanya, amma abincinsa yana cikin tafiyar, kuma ko mai gaskiya ne sabo yakan rage masa tsoro. Shawarar ƙarshe ta hawa ko fasawa a wuyan mai rai take.

Kayan hawa ba su da yawa, kuma kowanne dutsen ne ya wajabta shi. Daskararren aman dutse yana da kaifi, yana yanka tafin takalmi da tafin hannu, don haka sai takalmi mai kauri da ya rufe idon sawu, da dogon wando, da safar hannu. Sanyi yana ƙaruwa da kamar digiri 6 a kowane mita 1,000 na hawa, kuma a watannin hunturu daren Chã yakan kusa daskarar da ruwa, saboda haka rigar sanyi da mai tare iska dole ne, ko da an baro São Filipe ana gumi. Babu inuwa, babu rijiya, babu mai sayar da komai a hanya: lita biyu zuwa uku na ruwa, da dabino ko gyaɗa, da hula da tabarau, da tocila, da ƙyalle ko takunkumi saboda ƙura. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, mai ciwon zuciya ko hawan jini ya ga likita tukuna, domin iskar ƙololuwa kamar kashi 70 cikin 100 ce ta wadda ake shaƙa a bakin teku. Ba na ba kowa shawarar hawa da azumi a baki.

Ana tashi ne da asuba, kuma akwai dalili: baƙar ƙasa tana shan rana ta yi zafi da wuri, gajimare kuma yakan taso daga teku ya rufe gani kafin azahar. Daga Portela, wadda mutanenta suka sake ginawa bayan aman, ana ratsa gonakin inabi, sannan a kama kafaɗar dutsen. Hawan ya kai mita 1,100, yakan ci awa uku zuwa huɗu. Ana bin ƙashin dutse inda ƙafa take samun tsayawa, ana kauce wa gangaren baƙar tsakuwa inda kowane taku biyu ɗaya yake komawa baya. A nan ne haɗari na gaske yake, wato dutsen da na gaba ya ture da ƙafa. Ƙa'idar ita ce ko a matsu kusa da juna yadda dutse ba zai samu gudu ba, ko a ba da tazara mai yawa, kuma kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani. Wanda ya ture dutse ya yi ihu nan take, kunya ba ta da wuri. Ciwon kai mai tsanani da jiri da tashin zuciya alama ce ta tsayi ya yi wa jiki yawa, maganinsa saukowa.

A bakin ramin ƙololuwa, mai faɗin kamar mita 500, za ka ga farin hayaƙi yana fita daga bango, da ɗorawar farar wuta a kan duwatsu, ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Warin gargaɗi ne, amma kada a dogara da shi, domin iskar da ke kawo shi in ta yi yawa takan kashe jin warin kansa. Wata iskar ta farar wuta kuma tana shaƙe maƙogwaro, tana tayar da asma. Mafi sharri ita ce iskar kabon dayoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kamar rabi, don haka takan kwanta a rami da kwari da kogo. Mutanen Kamaru sun san aikinta: daren 21 ga Agusta 1986 ta taso daga tafkin Nyos, wanda shi ma bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, ta gangara kwaruruka ta kashe mutum sama da 1,700 da dubban dabbobi, da yawa suna barci. A kan Fogo ma'anar wannan ita ce kada ka sauka cikin ramin, kada ka zauna hutawa a loko musamman in iska ta tsaya, ka tsaya ta inda iska take busowa, kuma in ka ga matattun tsuntsaye ko ƙwari a wani gurbi ka bar wurin ka hau sama. In abokin tafiya ya faɗi a rami ba dalili, wanda ya bi shi da gudu shi ma faɗuwa zai yi. Takunkumin ƙura ba ya tare ko ɗaya daga cikin waɗannan iskoki.

Saukowa ta gangaren tsakuwar nan ake yi, ana tafe ana nutsewa zuwa ƙauri, jiki a ɗan jingine baya, diddige ne yake fara sauka; abin da aka hau cikin awoyi sai a sauke babban sashensa cikin ƙasa da awa. A ɗaure bakin wando bisa takalmi, in ba haka ba tsakuwa za ta cika shi. Wanda ba zai iya ƙololuwa ba bai yi asara ba, domin a wurina darasin dutsen ya fi yawa a ƙasa, wajen ƙananan tuddan da aman 1995 da na 2014 suka gina. A can za ka ga malala iri biyu: mai gutsattsari da kaifi, wadda ta yi sanyi tana tafe tana farfashewa, da mai santsi da ta nannaɗe, wadda ta fi zafi da ruwa-ruwa lokacin da ta zubo. Mai santsin ta fi daɗin takawa kuma ta fi yaudara, domin sau da yawa samanta ne ya daskare, cikinta ya zurare ya bar kogo, rufin kuma yana iya ruftawa. In ƙasa ta yi amon fanko a ƙarƙashin sanda, koma inda ɗan jagora ya taka. Launin ja da ɗorawa a bakin tsagogi aikin iskar gas ne mai zafi, kuma dutse ba ya saurin sakin zafinsa: mutanen da suka koma suka yi gini a kan malalar 2014 sun daɗe suna fama da ɗakunan da daɓensu yake zafi.

Akwai mai cewa masana ma ba su san gaibu ba, ga Ontake nan shaida, to me amfanin sauraronsu? Gaskiya ne ba wanda zai faɗi rana da awa tun da nisa. Amma a 2014 na'urorin INMG sun ga girgiza tana ƙaruwa, aka sanar da hukuma ƙasa da kwana ɗaya kafin tsagar ta buɗe, mazauna Chã kuma sun ji ƙasa tana motsi a daren. Gargaɗin awoyi ya ishi mai ƙafa biyu ya fita daga kwari. Abin da ilimin yake bayarwa shi ne sanin wane irin dutse ne yakan yi sallama da wanda ba ya yi, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba inda za a je da inda za a bari. In kuwa abin ya same ka kana can, kada ka tsaya ɗaukar hoto kusa da tsaga. Duwatsun da ake cillawa sama su ne abin tsoro. Ka dube su ka kauce, ka kare kai da jaka, ka nisanta ta gefen da iska ba ta kai toka, ka guji kwari, ka bi umarnin 'yan gari. A Stromboli na Italiya, dutsen da aka saba kallon ƙananan feshinsa kullum, fashewa mai ƙarfi ta 3 ga Yuli 2019 ta yi ajalin wani mai hawa, abin da ya sa hukuma ta taƙaita inda baƙi za su iya kaiwa.

Saura zargi ɗaya, cewa zuwa kallon inda gidajen mutane suka nutse rashin ta ido ne. Zai zama haka in baƙo ya zo daga São Filipe a motar kamfani, ya hau rufin gidan wani da ya leƙo daga cikin baƙin dutse ya yi hoto, ya koma bai sayi ko ruwa ba. Amma mutanen Chã da kansu suka zaɓi komawa. Bayan 1995 gwamnati ta gina musu gidaje a Achada Furna da Monte Grande, suka koma kwarin. Bayan 2015 ma suka sake komawa. Dalilinsu yana cikin ƙasar: baƙar tsakuwar tana riƙe danshi, tana hana shi tashi, shi ya sa a tsibiri mai fari suke samun inabi da rumman da ɓaure da tuffa da wake a ramukan da suke tonawa, ga cukun awaki, ga kuɗin baƙi. UNESCO ta sa Fogo cikin jerin wuraren da ake kare halittunsu a 2020. Saboda haka kwana a gidan saukar baƙi na 'yan Chã, ka biya ɗan jagora hannu da hannu ba tare da matse shi a ciniki ba, ka nemi izini kafin hoto, ka yi tattalin ruwa domin na sama ne suke tarawa a tanki. Za a miƙo maka giyar inabi, wadda ita ce abin alfaharinsu, kuma abincinsu na masara da wake yakan zo da naman alade. Musulmi ya faɗa tun kafin a ɗora tukunya, cikin ladabi, za a yi masa da kifi ko da wake zalla. Ka tambayi halin dutsen ranar da ka iso, ka sake tambaya da asubar da za ka hau, kuma in amsar ta canza tsakanin biyun, ka haƙura da ƙololuwa ka sauka São Filipe.